Kwalabe Goma Sha Biyu Daga Rijiyar Kakana

Litinin, Kumasi zuwa Lome

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gidanmu a unguwar Alabar, da jaka ɗaya da kula mai ɗauke da kwalabe goma sha biyu, babu kome a cikinsu. Aikina gwajin ruwa da ƙasa ne a wani ɗakin bincike a nan Kumasi, shi ya sa nauyin ya faɗo kaina. Baffa Iro, ƙanen Babana, ya bugo waya daga Tudun Ɗorawa, ƙauyenmu na asali a jihar Bauci, Najeriya. Ya ce tun da aka fara haƙar kwal mai ruwan ƙasa a bayan gari ruwan rijiyoyi ya yi ja, yara kullum ciwon ciki. Kamfanin da ke haƙar ya ce su kawo takardar gwaji kafin zaman da za a yi nan da mako biyu, in ba haka ba maganar ta mutu.

Baba ya rako ni har bakin ƙofa da sandarsa. Shekara hamsin rabonsa da ƙauyen. Ya ce in akwai saura in rage masa, yana son ya sake shan ruwan rijiyar da mahaifinsa ya haƙa.

Ƙarfe goma sha ɗaya muna Akara, na ci waake, shinkafa da wake irin ta Gana, a tsaye. La'asar ta same mu a iyakar Aflao, na kwana a Lome.

Talata zuwa Alhamis

Iyaka biyu, shingaye kuwa na daina ƙirgawa. Kowane jami'i sai ya buɗe kular ya tambayi me zan yi da kwalabe wayam. Daga Legas muka tashi Laraba ƙarfe biyu na rana, ba mu ga Bauci ba sai washegari da azahar. Wallahi bayana ya ji jiki.

Juma'a, Tudun Ɗorawa

Tun daga nesa na hango tulin ƙasa ya fi bishiyoyi tsayi, ga wari kamar na ashana. Inna Talatu, matar Baffa, ta tarbe ni da kwanon ruwa. Na ga launinsa, na kuma san abin da yake nufi, amma baƙo ba ya mai da ruwa. Na kurɓa, harshena ya ji tsami da ƙarfe-ƙarfe.

Bayan sallar Juma'a Baffa ya kai ni bakin ramin haƙar kwal ɗin. Kwal ɗin mai laushi ne, yana marmashewa a hannu, ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashinsa kuma yana gangarawa rafi. Na cika kwalaben daga rijiyoyi uku, har da ta Kakana, da kuma rafin, na liƙa wa kowace lamba. Baffa ya roƙe ni kada in tayar wa matan gida hankali da maganar gwajin. Don haka da Inna ta tambayi dalilin kwalaben, sai na ce mata Baba ne ke marmarin ruwan gida. Ta ce in ajiye kular a ɗakinta, ya fi sanyi.

Lahadi, iyakar Seme

Asabar da sassafe na kamo hanya. Ƙarfe uku na ranar Lahadi wani jami'in kwastan ya ɗaga kwalba ɗaya ya haska ta a rana. Ruwa garau, ko laka babu a gindi. Na duba sauran, duk haka suke, lambobina na nan yadda na liƙa su.

Na koma gefe na kira Inna a waya.

Ta ce, “Ni ce, Sani. Na zubar, na wanke su tas, na aika aka sayo fiya wata na cika. Mu mun saba da shi. Yaya kuwa, babanka, tsoho ne, cikinsa ba zai ɗauka ba.”

Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Ƙaryar tawa ce. Hutuna ya ƙare, kuma ko na juya, kwanakin da suka rage ba za su isa a ɗebo, a kawo, a gwada ba. Na gaya wa Baffa. Ya yi mini addu'ar sauka lafiya kawai. Har muka shiga Kwatano ban iya kallon kular ba.

Talata, gida

Na iso Alabar bayan sallar la'asar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Baffa da Inna, da direbobin da suka yi haƙuri da kayana.

Baba yana zaune a kan buzunsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo hannu. Na ɗauko mai lamba ɗaya, wadda na rubuta wa “rijiyar Kaka”, na buɗe masa. Ya yi bisimilla ya sha a hankali, idonsa a rufe.

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Ɗanɗanon na nan yadda na bar shi.”

Na karɓi kwalbar na rufe. Har yau ban faɗa masa ba.