Matafiyin da Ya Dasa Zogale

A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin audugar Jazira, can gabas kan tsohuwar hanyar alhazai, babu wanda bai san Alhasan Matafiyi ba. Sunan kuwa tsokana ce zalla, domin tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa wuce Madani, birnin da ke kusa da su, ba. Kakansa ne ya taso daga Sakkwato a ƙasa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a nan, ya ce bari ya ɗan yi noman auduga kafin ya ci gaba. Bai ci gaba ba, ɗansa ma haka. Abin da suka bar wa Alhasan shi ne sanda mai bakin ƙarfe, da ƙullin kayan tafiya, da wasiyya guda: su baƙi ne a kan hanya, kada wani nasu ya dasa itace a ƙasar nan, don ranar da ya dasa ya fasa tafiya ke nan.

Tsararrakinsa tuni suka yi watsi da wannan magana. Sun gina ɗakunan jan bulo, sun cika gidajensu da darbejiya da lemo. Gidan Alhasan ne kaɗai tsakar gida fetal, ko inuwar da kaza za ta fake babu. Kowace shekara bayan cirar auduga sai ya kwance ƙullin nan, ya kakkaɓe, ya sake ɗaurewa, ya ce, "Baɗi in Allah Ya so."

Da la'asar, idan ya gama ba gona ruwa, yakan zauna a gaɓar tur'a ya fuskanci gabas. Can inda ƙasa ke rawa da kawalwalniya yake hango teku, da jirgin da zai ɗauke shi, da fararen tufafin alhazai suna kaɗawa, ko da yake sau da yawa balbelu ne ke wucewa. Da yake bai taɓa ganin teku ba, tasa tekun tur'a ce kawai wadda aka manta a yi mata ɗaya gaɓar. A nan yakan shagala har sai kiran magariba ya dawo da shi.

Matarsa Sakina sau ɗaya ta taɓa roƙonsa itace, tun tana amarya, don ta sami inda za ta ajiye turmi. Ya ce ta bari sai sun isa. Ba ta ƙara tambaya ba, ta yi ta daka cikin rana har furfura ta fito mata.

A shekarun da raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta fara shigowa ƙauyen ne ciwon ciki ya kwantar da ita. Aka kai ta asibiti a Madani, aka yi mata aiki, aka cire ƙari. Likita ya ba su magani, ya ce wa Alhasan aiki ya yi kyau, saura na tukunya: ta ci abinci, shi zai haɗa naman da aka yanka.

Matan unguwa kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Dije, tsohuwar da ke makwabtaka da su, ta riƙa dama kunun hulba da madara. Wata ta kawo romon 'yan shila, wani ya aiko da zuma daga garin Rusairis, ga dabino, ga man riɗi. Alhasan da kansa yake zuwa gidan Dije kowace safiya roƙon ganyen zogale, a dafa a zuba cikin romo. Amma Sakina sai ta kurɓa ta kau da kai. Miki ya ƙi haɗewa, awarwaronta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Tsoro ya kama Alhasan, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya gane matar nan tafiya take yi a gabansa.

Wata rana da hantsi ya durƙusa gaban gadonta da kwano a hannu.

"Ki sha ko kaɗan, Sakina. In kin samu lahiya, wallahi bana za mu tashi."

Ta dube shi, ba faɗa, ba kuka. "Malam, ni tawa tahiya ta matso. Tun ran da aka kawo ni gidanga kake ce mani baƙuwa nike. To, baƙuwa mi za ta tsaya jira? Ga ƙofa nan, duba ka gani."

Ya sunkuya daidai inda kanta yake, ya duba ta ƙofa. Ƙasa ce kawai, fara fat, rana na dukanta. Abin da take kallo ke nan tun da aka dawo da ita, kuma abin da ya ba ta ke nan tun tana yarinya.

Ya ajiye kwano ya nufi gidan Dije.

"Yaya Dije, yau ba ganye na zo roƙo ba. Reshe za ki sara mani."

Dije ta riƙe haɓa. "Matafiyi da reshe? Makka za ka kai shi?"

"Gida za ni kai shi," in ji Alhasan.

Ta daina dariya, ta ɗauko adda ta zaɓo masa mai kauri.

Da sandar kakansa ya haƙa ramin, daidai saitin ƙofar Sakina. Da ya dasa reshen sai ya kafa sandar a gefensa don ta tokare shi, ya kwance igiyar ƙullin tafiya ya ɗaure su tare. Yana zuba ruwa yana hawaye, yana neman gafarar mutanen da suka mutu fuskarsu na gabas. Sakina tana kallo daga ciki.

Reshen ya yi kwanaki tsaye kamar icen girki. Sannan wata safiya ƙananan ganye suka tsattsafo. Ran nan Sakina ta sha rabin kwanon kunu, wai don kada Dije ta ji haushi.

Bayan 'yan kwanaki, Alhasan na dawowa daga gona ya ji tsawa daga gidansa. Ya shiga da gudu. Akuyar makwabta ce ta miƙa wuya ga ganyen, Sakina kuma tana tsaye a bakin ƙofa, hannu ɗaya dafe da ciki, ɗaya riƙe da takalmi.

"Ka tsaya kana kallona? Ka yi mashi shinge mana! Kuma a ɗumama mani romon nan."

Yanzu zogalen ya wuce rufin ɗaki, duk wanda aka sallamo daga asibiti gidan ake aikowa neman ganye. Inuwar zogale dai ba ta taka kara ta karya ba, amma a nan Sakina ta ajiye turminta. Alhasan har yau yakan kalli gabas da la'asar, wani lokaci bakinsa ya suɓuce ya ce baɗi. Sakina ba ta ko ɗaga kai daga daka, sai ta ce, "Ka tahi lahiya, Malam. Ni na iso."