Gatana Ba Ta Fita Da Rana

Wata uku aka ba ni. Gidan talabijin da nake aiki a Yamai ya buɗe sashen kallo ta waya, wanda sai mutum ya yi abonema, wato ya biya kuɗin kallo, yake shiga, ni kuma aka damƙa mini shirin gatana. Direkta ya ce in mutane ba su shigo ba, shirin ya mutu. Wata biyu suka wuce shiru kamar an shuka dusa. A cikin wannan damuwa ne na tuno kakata Inna Dije.

A Tabla na tashi, a hannunta. In an kai gero rumbu, sanyi ya sauko, sai ta hura wuta da kara a tsakar gida bayan tuwon dare. Mu jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen zanenta. Ta gyara zama ta ce, "To, ga ta nan ta taho, wa ka tarbon ta?" Mu ce, "Mu ne, ta zo mu ji ta!"

Amma kul ka roƙe ta da rana. Na taɓa yi, tana tsakar sussuka. Ta aje taɓarya ta dube ni. "Ke ɗiyag ga, so kike ki ɓace a daji? Gatana da rana? Tashi ki ba ni wuri, uwar rawar kai!"

Daren nan ta ba mu labarin wani zakara mai zaƙin murya. Shi ke tashin gari da asuba, kowa na sa masa albarka. Sai kansa ya kumbura, ya ce tunda ana son muryarsa, zai riƙa cara safe, rana, la'asar. Kwana kaɗan aka daina kula shi, har yara suna jifar sa. Ya je wurin tsohuwar kaza yana kuka. Inna ta maƙale murya irin ta kazar: "Wawa, ba muryakka suka so ba. Asubakka suka so." Muka yi ta dariya, ni kuwa na san da ni take.

Wayyo, ashe zakaran ne mu! Tallarmu cewa take, "Kalli gatana ko yaushe, dare ko rana," kuma da azahar muke sakin sabuwa. Wace uwa ce a ƙasarmu ta Kurfai za ta miƙa wa ɗanta wannan? Na shiga ofishin direkta na ce a rufe shirin da rana, kada ya buɗu sai bayan isha'i. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Madam, amfanin abin ke nan, a kalla lokacin da aka ga dama. Ke kuma ki sa masa ƙofa?"

"Ranka ya daɗe, saura wata ɗaya. Bar ni in faɗi da dabarata."

Ya bar ni. Muka sake talla: gatana na tahowa in an ci tuwo. Makon farko jefi-jefi. Na biyu, sai ga saƙonnin murya daga garin Damana, ana jin yara a baya suna amsa "ta zo mu ji ta" da ƙarfinsu. Kafin wata ya cika, direktan da kansa ya tambaye ni ko zan iya yin biyu a mako. Na ce zan duba, ina danne murmushi. Sai da na girma na gane jiran ma wani ɓangare ne na daɗin labari.

Da na je gida hutu, na ratsa kasuwar Filinge. Wata mai sayar da kuka, ban taɓa ganin ta ba, ta ji ina taya kaya, sai ta cafke hannuna.

"Ke ce mai gatana! Muryar ce, wallahi!" Ta juya tana kiran maƙwabtanta. "Ku taho ku ga wadda ta sa ɗiyana cinye tuwo ba sai an doke su ba!"

Mata suka yanyame ni. Na tsaya tsakiyar kasuwa ina dariya, hawaye na zuba.