Ranar da Aska Ta Yi Rawa a Hannuna

Shekarun baya, ba a daɗe da yanke mana jihar Taraba ba, an yi wani wawa a unguwar Majidaɗi da ke Jalingo. Kada ku wahalar da kanku da bincike, ni ne.

Wanzami ne ni, gadon kakana da ya zo daga Katsina da zabirarsa. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a lokacin gani nake bambancina da likita farar riga ce kawai. Sai maƙoƙo ya fito mini, ya yi ta girma har haɗiyar tuwo ta zama aiki. Aka kwantar da ni a asibiti aka cire shi gaba ɗaya. Da za a sallame ni likita ya ba ni wata 'yar farar ƙwaya, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ya ce abin da aka cire shi ke daidaita ƙarfin jiki, yanzu wannan ce za ta riƙe masa aiki. Guda ɗaya kowace safiya kafin in ci komai, har ƙarshen rayuwa, kuma in riƙa dawowa ana auna jinina.

Na sha yadda aka ce, jiki ya ƙi. Sanyi nake ji da rana tsaka, a Jalingon da kaza ke buɗe baki don zafi. Ina yi wa mutum aski ina gyangyaɗi. Sai na nemi shawarar babban masani, wato ni. Mu a wanzanci da girman jiki muke auna magani: jariri ɗigo, yaro cokali, ƙato ludayi. To yaya ƙato irina zai rayu da abin da ko ɗaci ba shi da shi? Na mayar da ita biyu. Da na ji dama-dama na mayar uku. Asibiti kuwa ko hanyar ban sake bi ba.

Daga nan zama ya gagare ni. In zauna, in tashi, in leƙa waje, in dawo in sake wasa askar da na wasa ɗazu. Zuciya tana dukan ƙirjina kamar ana sussuka. Ci nake kamar gara, wando kuma yana zamewa. In liman ya ja doguwar sura sai in ji kamar in ƙarasa masa. Mai ɗakina ta ce anya lafiya, na ce ƙarfi ne ya dawo, ta yi murna mana.

Ana haka wani abokina na garin Iware, manomin doya, ya sami jikan fari. Duk 'ya'yansa ni na yi musu askin suna, don haka ni aka kira. Kakar yaron ta ɗora shi a cinya, aka jiƙa masa kai da ruwa da sabulu. Na ɗaga aska, sai ga ta tana kaɗawa kamar ganye. Na ƙara damƙe ta, ta ƙara rawa. Ga maɗigar jaririn tana bugawa a ƙarƙashinta, ni kuma kunya ta hana ni janyewa. Abokina ya kama wuyan hannuna, ya ce a hankali, "Wanzam, ajiye. Yau baƙo ne kai, je ka ci shinkafa." Suka aika aka kira wani.

Labari ya riga ni isa Jalingo. Tabarmata ta koma ba mai zama sai kaji.

Dole na koma wa likita na faɗi gaskiya. Ya ce da na dawo tun ina jin sanyi, da jini ya nuna abin da za a ƙara daidai, amma da ukun nan zuciyata nake yi wa kirarin mutuwa. Ya gyara mini awo. Hannu ya ɗauki watanni kafin ya natsu, masu zuwa aski suka fi shi daɗewa kafin su dawo. Har yau da ƙwayar nan nake karya kumallo, kuma na daina yi wa ƙananan abubuwa kallon raini.

Amma dai abin Iware ya tsaya mini a rai. Wata rana na yi wa mai ɗakina ƙorafi cewa abokina ya wulaƙanta ni a gaban mata, ai 'yar rawar hannu ba ta hana gwani aiki. Ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗe ba, ta ce, "Malam, da mai irin hannun nan ne ya yanka maka wuya a asibiti, da tuni na gama takaba."