Saƙon Tanti Bibata Ya Ƙi Ƙetare Tsakar Gida

Duk wanda ya taɓa aika kaya daga Zongon Kwatano zuwa Paraku ko Malanbil ya san Tanti Bibata. In bai san sunanta ba, to ya san muryarta. Ita ce matar nan da ke zaune bakin taga a biro, wato ofishin Alhaji Gado mai manyan motoci, tana buga kwamfuta da yatsu biyu kamar mai tsince shinkafa, amma kada ka raina, ta fi masu yatsu goma sauri.

Sana'a ba ta daɗewa a hannunta, kuma ba laifinta ba ne. Tun tana budurwa ta fara da keken rubutu a bakin kasuwar Gbégamey, tana buga wa mutane takardun neman aiki da Faransanci. Kwamfuta ta zo ta kashe wannan. Ta buɗe rumfar tarho, wayar hannu ta zo ta kashe ta ita ma. Da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, Alhaji Gado ya ba ta kujerar nan, sai ta yi rantsuwa a ranta cewa wannan kam ba za ta mutu a hannunta ba.

Alhaji mutum ne da ya gaji da "wallahi ba a gaya mini ba". Shi ya sa ya sa aka haɗa kwamfutocin gidan, aka ba kowane ma'aikaci akwatin saƙo da sunansa. Ka rubuta sunan mutum a layin sama, ka rubuta maganarka a ƙasa, ka danna, shi ke nan ta je. Doka kuma ɗaya ce: ba a loda ko buhu guda a depo, wato ma'ajiyar kaya, sai umarni ya zo a rubuce daga Bibata. Depon kuwa ga shi can ƙetaren tsakar gida, in ka yi atishawa a biro sai an yi maka addu'a daga can.

Komai na tafiya daidai, sai Alhaji ya ɗauki sabon mai kula da depo. Wa ya ɗauka? Idrissou, ɗan Bibata na fari.

To, ga wanda bai sani ba, Bibata irin matan nan ne da ba su yarda kunyar ɗan fari ta tsufa ba. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan yaron nan ba. Gwaggonsa ce ta raine shi a unguwar Agontinkon. In ya zo gaisuwa sai ta amsa tana kallon bango, in za ta yi zancensa sai ta ce "wancan" ko "yaron nan", alhali yaron nan yana da gemu da 'ya'ya. Kuma a wajenta, abin da baki bai faɗa ba yatsa ma ba ya rubutawa.

Da farko ta sami dabara. Sai ta aika umarnin ga Chérifa, abokiyar aikinta ta teburin gefe, ita kuma ta tura depo. Ba wanda ya lura. Ana nan sai Chérifa ta haihu ta tafi hutu, Bibata ta rage daga ita sai layin sama.

Ta rubuta "depo", ta danna. Saƙo ya dawo da wata doguwar Faransanci wai ba a san mai wannan suna ba. Ta rubuta "maidepo". Ya dawo. Ta rubuta "wancan". Ya dawo da sauri har ya fi na baya.

"Kai, wannan inji ba shi da tarbiyya," in ji ta. "Duk Zongo an san wanda nake nufi, sai kai?"

Ranar mota ta wuni a tsakar gida babu kaya, direba ya yi barci a ƙarƙashinta, ya tashi, ya ci abinci, ya koma. Mai kayan ya buga waya daga Malanbil ya wanke Alhaji tas. Alhaji ya hau biro yana huci.

"Bibata, ɗanki ya ce bai ga komai ba, ke kin ce kin aika. In inji ne, za a gyara. In kuma idonki ne ya gaji, ki gaya mini in nemo yarinya ta zauna nan."

Tsoro ya kama ta sosai, don ta san a shekarunta in ta tashi daga kujerar nan ba wata da ke jiranta. Amma ta ɗaure fuska ta ce inji ne.

Aka kira Taofik, mai gyaran kwamfuta, wani Bayarabe mai fara'a da Hausar kasuwa. Ya sauka daga zemijan, babur ɗin haya, da jakarsa, ya shiga ƙarƙashin tebur, ya ja waya, ya hura, ya mayar. Ya kashe inji ya kunna. Ya aika gwaji daga akwatin Alhaji zuwa depo, ya je. Daga depo zuwa Bibata, ya zo. Ya zauna kujerarta ya buga sunan Idrissou da kansa, ita kuwa ta kau da kai tana gyara ɗankwali. Shi ma ya je lafiya lau.

"Tanti, inji kalau yake. Ki aika in gani."

"Ai ka aika, ya isa."

"A'a, ke nake so ki yi."

Ta ƙi. Sai ya buɗe wurin saƙonnin da suka dawo, ya karanta, ya sake karantawa, ya juyo.

"Tanti, wane ne Wancan? Sabon ma'aikaci ne?"

Alhaji, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya leƙa allon. Sai dariya ta ƙwace masa har hularsa ta karkace.

"La ilaha illallahu! Bibata! Kunya kike yi wa kwamfuta? Motata ta wuni a rana saboda kunya?"

"Alhaji, ka bar ni. Uwata ba ta kira sunan yayana ba har ta koma ga Allah. Ba a kaina za a fara ba."

Da aka fahimtar da Taofik, sai ya ce abu mai sauƙi ne, zai sa sunan a jeri, ita dannawa kawai za ta yi. Ta ce in ta danna ai ita ta kira shi. Ya ce to ta riƙa amsa tsohon saƙon depo. Ta ce sunan zai fito ya zauna a gabanta yana kallonta. Alhaji ya daina dariya, ya ce shi dai kafin magariba yana son mota ta tashi, ko da Bibata ko babu ita.

Taofik ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Akwai wata hanya. Inji yana karɓar laƙabi. Ki zaɓi kowace kalma, in gaya masa duk saƙon da aka rubuta wa wannan kalma, depo za shi."

"Wa zai ga kalmar?"

"Inji kaɗai."

Ta sa su duka biyu suka juya baya. Ta daɗe yatsunta na sama, sannan ta buga, ta ce ya ƙarasa aikinsa kada ya karanta da ƙarfi. Ta rubuta umarnin lodi, ta danna. Saƙo bai dawo ba.

Abin da Taofik ya manta, Allah ya shirye shi, shi ne kalmar tana tafiya tare da saƙon, tana zama a samansa inda mai karɓa zai fara gani. Ta taga Bibata ta hango Idrissou ya sunkuya kan allonsa. Ya daɗe bai motsa ba. Direba na yi masa magana bai ji ba. A saman umarnin buhunan shinkafa, a layin da ake sa sunan mutum, abin da uwarsa ta rubuta shi ne "nawa".

Ya fito bakin depo ya tsaya yana kallon tagarta, ƙaton mutum yana share ido da hannun riga. Nan take ta gane, kunya ta rufe ta, ta juyo kan Taofik kamar za ta cinye shi.

"Kai! Ba ka ce inji kaɗai ba?"

"Tanti, yi haƙuri, na manta. Bari in goge in sa wata."

Ya miƙa hannu, ta buge shi. A ƙasa an fara jin ihun masu lodi, Alhaji ya sauka yana ta murmushi. Ita kuwa daɗi ya cika mata ciki.

"In wuta ta ɗauke, zai goge?"

"Ba zai goge ba, Tanti."

"To, kada ka kuskura ka taɓa shi."