Tsohon Bos a Kasuwar Furanni

A kasuwar furanni ta Dadar, a nan Mumbai, wani dogon tsoho yana tsaye gaban rumfar Shewanti mai kitsa furanni. Farar rigarsa ta sha guga, amma wuyanta ya fara zarewa. Gashin bakinsa fari fat, girarsa ta hagu a ɗage kamar mai shirin ba da umarni. Na san fuskar nan tun finafinan ƙuruciyata, sunan ne ban taɓa riƙewa ba. Shi ne bos ɗin da jarumi ke lakaɗa wa duka a ƙarshe.

Shewanti tana ƙura masa ido, sai ta ajiye zarenta.

"Kai ne! Kai ka ƙone bukkar matar nan mai marayu, mugu! Innata har ta bar duniya tana tsine maka."

Ina jiran ya ji kunya. Ina! Kafaɗunsa miƙewa suke yi.

"Ni ne, 'yar'uwa. Da gaske take tsinuwar?"

"Har takalmi ta wurga maka a silima."

Yana lumshe ido don daɗi. Ina jin an daɗe rabon da masu shirya fim su neme shi, wataƙila jikokinsa ma ba su san aikinsa ba.

"To jarumin fa," in ji shi a hankali, "me ta ce a kansa?"

Shewanti ta taɓe baki. "Wa ya tuna da shi?"

Sai ya saki muguwar dariyar nan tasa, kasuwa kaf ta waiwayo.