Sarkin Ingila da bayan Baba Sale

Ku da kuka ɗora bidiyo kuna kwaikwayon tafiyar Baba Sale, kuna mai da shi azzalumin shugaban leburori, me ya yi muku?

Jiya a hutun azahar, a wurin aikinmu na Birnin Masana'antu na Biyu, nake ba shi labarin wani sarkin Ingila na zamanin da. Bayan an kashe shi a yaƙi, wasan kwaikwayo ya mai da shi mugu mai ƙusumbi. Da aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motoci, sai ga shi karkacewa ce kawai bayansa ya yi, ba ƙusumbi ba. Muguntar kuwa har yau ana gardama.

Baba, wanda buhunan siminti suka lanƙwasa, ya ce, "Wanda ya rubuta wasan ya taɓa cin abinci da sarkin?"

"Bai ma riske shi ba, Baba."

"To ni tire ɗaya muke ci da yaran nan. Jikata a Gusau ta ga bidiyon, wai Kaka ashe mugu ne kai?"

Ya yi dariya. Ni wallahi ban yi ba. Tsohon da ya koya muku ɗaukar kaya kada bayanku ya zama irin nasa!

Wanda ya ɗora, fito nan ƙasa wurin sharhi ka ba yarinyar amsa.