Allon Zayyanata

Makarantarmu rumfar kara ce a wani ƙauye gabas da Ollelewa, lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Tanut ba. Malaminmu tsoho ne Babarbare, mai kyan hannu da kaifin baki. Sauran malamai suna sakin yara ran Alhamis, shi kuwa ranar ce yake zaunar da mu koyon zayyana, wato adon da ake zanawa a allon wanda ya sauke karatu. Mu daka gawayin aduwa da ƙaro mu yi baƙi, mu jiƙa karan dafi mu sami ja, shuni kuwa sai fatake sun zo daga Damagaram. Malaman kewaye suna ce mana makarantar marina. Amma yaransu gudu suke yi, mu ko da zazzaɓi muke jan ƙafa mu zo, don wanda bai kawo haddarsa ba ba ya taɓa launi.

Dokarsa ɗaya ce. A wasu wurare sayen zayyana ake yi, a wurinsa kuwa kai za ka zana abinka, shi kuma ya bi ta layi layi da tsinke. Sai ya ce ta yi, sannan a yi maka walimar sauka. Wani ɗan Buzaye sau uku ana wanke masa allo saboda kusurwa ɗaya ta karkace.

Ina da shekara goma sha huɗu na kai ƙarshen karatu. A shekarar ne idon Malam ya fara yin fari. Da farko yana kusanto da allo har hancinsa, daga baya sai ya fita rana da shi. Na gane abin da ke tafe, na shiga gaggawa. Ba walimar ce ta dame ni ba. So nake idon nan da ya ƙi na kowa ya ga nawa tun yana gani.

Na shafe allon da farar ƙasa, na ja gidajen adon, na cika rabi, sai ga Baba. Rijiyarmu ta ƙafe, za a kai shanu kwarin Tarka, kuma ba wani namiji a gida sai ni.

"Baba, a ba ni Alhamis biyu."

"Ka je ka gaya wa shanun," in ji shi.

Na tafi da allon a cikin buhun fata, da launuka a 'yan ƙananan goruna. Wata huɗu muka yi. Da hantsi in an gama shayarwa nakan zauna gindin ƙaya in zana, ƙuda na bin ƙaron. Shunina ya ƙare, na cike sauran da ja. Ban yi murna da na gama ba, ban kuma yi baƙin ciki ba. Na naɗe shi kawai.

Da muka dawo na tarar rumfar ta yi fili. Yara bakwai suka rage cikin kusan talatin. An daina zaman Alhamis, iyaye kuma suka ce yaran sun daina son zuwa. Ƙoƙunan launi suna kife a kan danga.

Malam yana zaune a buzunsa, matarsa na tsince masa tsakuwa a gero kusa da shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya gane muryata.

"Ɗan nan, ka gama?"

"Na gama, Malam."

"Miƙo."

Na miƙa da hannu biyu. Wajen karɓa allon ya juya masa, adon ya koma ƙasa yana kallon cinyarsa, bayan allon, inda ban shafa komai ba, ya dawo sama. Ya laluba ya zaro tsinke daga rawaninsa. Matarsa ta ɗago ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan, ta koma kan geronta.

Ya bi itacen nan da tsinke a hankali, daga sama har ƙasa, yana tsayawa nan da can kamar mai auna kusurwa. Ya daɗe. Yaran bakwai suna kallo. Ni dai ina durƙushe, ina jin tsakuwa a gwiwata, ba na jin komai bayan wannan.

"Ta yi," ya ce. "A gaya wa babanka ya sa rana."

Na ce, "To, Malam." Na karɓi allona.